Ganuwar Kanta a Surame da Aikin Tayar da Kufai a Kan Takarda

A shekarar 1812 Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya kammala littafinsa Infaƙul Maisuri. Bai hau gadon Sarkin Musulmi ba tukuna, amma ya riga ya san ganuwa ciki da waje. Ya yi wa biranen wasu ƙawanya, ya ga faɗuwar Alkalawa a 1808, shi kansa kuma ya fara zagaye Sakkwato da tata ganuwar a 1809. Da ya iso kan labarin Kabi, sai ya shaida cewa kangayen biranen Kanta sun zarce duk wani kango da idonsa ya taɓa gani, ga shi kuwa an yi wajen shekara 100 da watsewarsu. Kabawa a lokacin abokan gabarsa ne. Shekara 7 kafin nan rundunar jihadi, ƙarƙashin baffansa Abdullahi da Aliyu Jeɗo, ta ci Birnin Kabi. Babu abin da zai sa ya yi musu kara. Magana ce ta mutumin da ya san wahalar gina birni, ya tsaya gaban aikin wani ya sara masa.

Babba a cikin waɗannan birane shi ne Surame, wanda yau yake kwance cikin daji a yankin Binji, yamma da Sakkwato, ba nisa da fadamar Gulbin Kabi. Mu mutanen ƙasar Kontagora, daga nan Kaboji har Kotonkoro, labarin bai yi mana nisa ba yadda taswira ke nunawa. Bello wan Abubakar Atiku ne, mahaifin Umaru Nagwamatse wanda ya kafa Kontagora. Kuyambana, inda riwaya ta ce can Kanta ya tashi, tana maƙwabtaka da arewacin masarautarmu. Yawuri da Nufe kuma, waɗanda aka ce sun yi wa Kabi biyayya a zamanin ƙarfinta, mu ne a tsakaninsu.

Riwayoyin Kabi sun ce mahaifin Kanta baƙo ne da ya zo daga gabas ya zauna a Kuyambana, wadda a lokacin take bin Katsina. Yaron ya tashi cikin makiyaya, ya yi suna a dambe da kokawa, da sarautar gidansu ta tsallake shi sai ya yi yamma da waɗanda suka bi shi, har ya kai fadamar Gulbin Kabi. Wannan ɓangare baki ne ya riƙe shi. Inda alƙalami ya karɓa shi ne Tarihus Sudan na Abdurrahman Sa'adi, mutumin Tumbutu, wanda aka rubuta a tsakiyar ƙarni na 17. A can muka ga Kanta, mai mulkin Leka, cikin rundunar Askiya Muhammadu na Songai a yaƙin Agadas na wajen 1515. Aka dawo da ganima, Kanta ya jira kasonsa, shiru. Ya tambaya, aka ba shi amsa mai kama da gargaɗi. Mutanensa suka ce ba za su haɗiye wannan ba, kuma zuwa 1517 Kabi ta ɓalle. Askiya ya aiko da runduna ta koma ba nasara. Wani Askiyan, Muhammadu Benkan, ya sake gwadawa a shekarun 1530, Kabawa suka yi masa mummunan kaye a Wantaramasa. Sai a zamanin Askiya Dawuda, a shekarun 1550, aka yi sulhu.

Duba inda Kanta ya sami kansa. A yamma Songai, daular da ta fi kowace ƙarfi a yammacin Sudan a lokacin, kuma ya wulaƙanta ta. A gabas Borno. A arewa Abzinawa da raƙumansu. Kano tana da Dala, Zazzau tana da Kufena da Turunku, shi kuwa ƙasarsa shimfiɗaɗɗiya ce, fadama da tudun marmara. Abin da ƙasa ba ta ba shi ba dole ya gina da hannu. Leka, Gungu da Surame duk birane ne masu ganuwa, Surame kuma ita ce ya mayar mazaunin mulki.

Yawancin ganuwoyin ƙasar Hausa da jar ƙasa aka yi su. Ta Kano, wadda Sarki Gijimasu ya aza harsashinta a farkon ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, Muhammadu Nazaki ya ƙara a ƙarni na 17, ita ce misalin da kowa ya sani. Dabarar mai sauƙi ce kuma mai hikima: a haƙi ƙasa daga waje, a kwaɓa, a jibga ta ciki, ganuwa tana tashi gwalalo yana zurfi, aiki ɗaya kariya biyu. A Surame sai aka ɗauki wata hanya. Duwatsu aka tara, aka jera su sahu bisa sahu, ana cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Aka yi zagaye na waje mai tafiyar kilomitoci, aka yi na ciki. Bayan bango aka haƙa rami aka bar sarƙaƙiya ta cika shi, yadda doki ba ya kusanta, mai ƙafa kuma kafin ya kuɓuta daga ƙaya kibiya ta same shi. Masu ba da labarin wurin suna lissafa ƙofofi 14, 7 a waje 7 a ciki. A cikin birnin har yau ana nuna gurbin gidan Kanta, da na masallaci, da rijiyoyi, da tushen ɗakuna, ga tsingaro warwatse ko'ina, ga kukoki tsofaffi waɗanda duk inda ka gan su a jere cikin daji ka san mutane sun taɓa zama.

Wanda ya taɓa tsayawa wurin gini ya san ba dutse ba ne abu mai wuya, ruwa ne. Gini da rani ake yin sa, lokacin da ruwa ya fi tsada, kuma bango mai tsawon kilomitoci yana shan ruwan da ba a ƙirga shi da tulu. Shi ya sa ban yi mamaki ba da na ga labaran ginin Surame kusan duka a kan ruwa suke. An ce Kanta ya rarraba aikin ga ƙasashen da ke ƙarƙashinsa, kowa da yankin bangonsa, kowa kuma ya zo da ruwansa. An ce Abzinawa daga ƙasarsu suka yi ta jigilar ruwa a kan raƙuma. An ce Nufawa sun makara, sai Kanta ya yanke musu hukuncin su kwaɓa tasu ƙasar da man kaɗe maimakon ruwa, kuma wai sashensu ya fi na kowa ƙarfi. Ana ba da waɗannan labarai don a nuna isar sarki, amma mai nazarin gini yana jin wani abu daban a ciki. Idan da gaske an raba bangon tsakanin al'ummomi, to dole hannu ya bambanta: girman dutsen da aka zaɓa, yadda aka kwantar da shi, kaurin ƙasar da ke tsakani, da gaɓar da aikin wasu ya ƙare na wasu ya fara. Waɗannan abubuwa ne da ido da ma'auni za su iya tabbatarwa ko su ƙaryata. Hatta zancen man kaɗe ba ya fi ƙarfin bincike ba, domin masana sinadarai suna gano ragowar maiƙo a jikin tukwanen da suka shekara dubbai. Guntun ƙasa daga sashen da ake jingina wa Nufawa, da wani daga sashen da ba nasu ba, sun isa a fara.

Haka ma labarin zuwan Borno. Riwaya ta ce Mai Ali ya kewaye Surame da runduna mai yawa, Kabawa suka ga ba su da mutanen da za su cika bango, sai suka jingina gawawwaki a kansa da baka a hannu, an tsaga bakunansu kamar masu dariya. Barebari suka hango mayaƙan da ba sa gajiya ba sa daina dariya, gwiwarsu ta yi sanyi suka janye, kuma da wannan ake danganta maganar nan ta dariya ba loto. Labari ne mai tayar da tsigar jiki. Ko ya faru haka ko an ƙara masa gishiri, masu ba da shi sun san bangon da mutum zai iya tsayawa a kansa, ƙirjinsa a kare, kansa a waje. Wato akwai badala ta ciki inda maharba ke tsayawa, akwai kuma ɗan bangon da ke kare su. Riwayar ta ci gaba da cewa Kanta ya bi Barebari har wajen Nguru ya yi nasara a kansu, a hanyar dawowa aka harbe shi da kibiya a Dugul cikin ƙasar Katsina, ya rasu a Jirwa, aka ɗauko gawarsa zuwa Surame. Wannan a tsakiyar ƙarni na 16 ne.

Birnin ya rayu bayansa kimanin shekara 150. Daga nan ƙarfin Kabi ya fara raguwa. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya karya rundunar Kabi ya ƙwace Adar. Zamfara da Gobir suka ga dama ta samu, suka haɗa kai da Abzinawa, biranen Kanta suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. A farkon ƙarni na 18 Sarkin Kabi Tomo ya bar Surame ya koma Birnin Kabi, bayan jihadi kuma sarautar ta zauna a Argungu, inda tsohon gidan sarki ya zama gidan tarihin Kanta a 1958. Surame ba wanda ya sake zama cikinta. Wannan rashi ne ga Kabawa, amma ga mai bincike babbar sa'a ce, don ba a yi sabon gari a kanta ba. A Kano duk inda ka haƙa gidan wani ne. A Surame shimfiɗar birnin ƙarni na 16 da na 17 tana nan yadda aka bar ta.

Gwamnatin Nijeriya ta sanya wurin cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964. A 2007 aka shigar da shi, tare da ganuwar Kano, cikin jerin wuraren da ƙasar ke neman UNESCO ta amince da su. Har yanzu a layin jira suke, Nijeriya kuma wurare 2 kawai take da su a babban jerin, Sukur a Adamawa da kurmin Osun a Osogbo.

Wanda ya je Surame da hoton birni a ransa zai iya dawowa jiki a sanyaye. A wasu wurare jerin duwatsun yana tsaye, a wasu ya zube ya zama dogon tudu da ciyawa ta rufe. Ba rufi, ba ƙyaure, ba zanko. To yaya birnin yake a ranar da rundunar Borno ta hango shi? Wannan tambaya ita ce aikin masu sake zana tsofaffin gine-gine, kuma a ƙasarmu an taɓa yin irinsa da gaske.

Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine daga ƙasar Poland, ya fara auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya a 1958. Shi da matasan da ya horar sun bi fadoji da masallatai da gidajen talakawa da igiyar awo, suna zana shimfiɗa da tsayi da yadda aka ɗaura azara. Daga wannan aiki aka kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya a Jos, inda magina suka sake tayar da wani yanki na ganuwar Kano, da fadar Katsina, da Masallacin Juma'a na Zariya, da ƙasa da azara, a girmansu na asali. Amfanin abin ya fito fili a kan masallacin Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na ƙarni na 19. A shekarun 1970 an rushe wani sashensa aka lulluɓe sauran cikin sabon gini, don haka mai son ganin cikakkiyar surarsa yau sai ya koma ga awon Dmochowski. Ya rasu a 1982, littafinsa mai juzu'i 3 ya fito a 1990. A tsakanin nan H. L. B. Moody ya wallafa nazarin ganuwa da ƙofofin Kano a 1969, Hamman Tukur Sa'ad kuma ya rubuta kundin digirinsa na 1981 a kan ginin Hausa bayan ya zauna da manyan magina ya saurari yadda su kansu suke auna kyau da ƙarfi.

Sai dai duk waɗannan sun auna abin da ke tsaye ne, ko wanda masu gina shi ke raye. Surame ta fi haka wuya, kuma a nan ne yake da amfani mu leƙa wata ƙasa mai nisa wadda malamanmu suka san sunayen garuruwanta tun suna yara: ƙasar Sugudu, inda Samarƙandi da Buhara suke, mahaifar Imam Buhari. Kafin Musulunci ya isa can, Sugudawa fatake ne da suka riƙe hanyar ciniki tsakanin Sin da Farisa, kuma da ɗanyen tubali da kwaɓaɓɓiyar ƙasa suke gini kamar mu. Ƙutaiba ɗan Muslim ya ci Samarƙandi a 712. Kimanin kilomita 60 gabas da ita, a bakin kogin Zarafshan cikin Tajikistan ta yau, akwai wani ƙaramin birni mai ganuwa, Panjikent. Sarkinsa Dewashtich ya gudu zuwa wata kagara a kan dutsen Mug, aka kama shi a 722 aka kashe. Birnin ya ɗan farfaɗo, sannan kafin ƙarshen ƙarni na 8 aka watse aka bar shi. Shi ma ba a yi sabon gari a kansa ba.

A 1932 wani makiyayi ya tsinci rubutacciyar takarda a kangon dutsen Mug. Shekara ta zagayo masana suka je suka tono takardu kusan 80, wasu a fata, wasu a takarda, wasu a sanduna, har da wasiƙun Dewashtich da takardar ɗaurin aure. A 1946 aka fara haƙa Panjikent kanta, kuma abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne ba a daina ba. Kusan kowace shekara ana komawa, ɗaki bayan ɗaki, lungu bayan lungu, fiye da shekara 70. Boris Marshak ya shugabanci aikin daga 1978 har ya rasu a wurin a 2006, a can aka binne shi. Sun yanka ganuwar a wurare suka ga yadda aka fara ta siririya a ƙarni na 5, aka yi ta ƙara mata kauri. Rufin ɗakunan ya daɗe da rubzawa, amma gobarar da ta ci birnin a 722 ta mayar da ginshiƙan katako da sassaƙe-sassaƙensu gawayi, gawayi kuwa gara ba ta cin sa. Daga waɗannan gutsattsari, da tsayin bangon da ya rage, da gurbin da katako ya bari a jikin ƙasa, masana gini irin su Veronika Voronina suka zana zaurukan birnin yadda suke da rufinsu. Kowane layi a zanen yana da abin da ya dogara a kai a cikin rami. A 2023 UNESCO ta amince da Panjikent da kagarar dutsen Mug cikin wuraren tarihin hanyar fatauci ta Zarafshan. Birnin nan gaba ɗayansa bai kai kadada 20 ba. Da za a ɗauko shi a ajiye cikin Surame, a wani lungu zai zauna.

Abin da za a koya daga gare su shi ne jerin aiki. Awo ne farko. Yau hoton tauraron ɗan'adam yana nuna layin ganuwa ko da ciyawa ta rufe ta, jirgi mara matuƙi kuma yana ɗaukar ɗaruruwan hotuna da kwamfuta za ta haɗa ta fitar da surar ƙasa da tudunta da kwarinta. Bayan awo sai yanka: a zaɓi wuri ɗaya ko biyu a haƙa rami ya ratsa bango da gwalalo, a ga faɗin tushe, a ga ko sau ɗaya aka gina ko an yi ta ƙari, a nemi gawayi a ƙarƙashin sahun farko don a auna shekarunsa. Ta haka ne za a san ko Kanta fili ya tarar, ko kuwa wani tsohon gari ya faɗaɗa. Tsayin bango ma ana iya kusantarsa da lissafi. Dutse ba ya narkewa cikin ruwan sama yadda ƙasa ke yi, inda ya faɗo nan yake zama, in ba wani ya kwashe ba. In an auna yawan duwatsun da suka zube a gindin mita ɗaya ta bango, aka raba da faɗinsa, za a san mafi ƙarancin tsayin da ya taɓa kaiwa. Sannan a kira magina. Mutumin da ya gaji ginin ƙasa, in ka nuna masa tushe mai faɗi kaza, zai gaya maka iya tsayin da zai ɗauka, da faɗin ɗakin da azara ɗaya za ta rufe ba tare da ginshiƙi ba, da inda ruwa zai bi. Wannan ilimi ba ya cikin kwamfuta.

Sai bayan duk wannan a ɗauki alƙalamin zane, kuma a nan ne jarrabawar take. A shekarar da aka sanya Surame cikin wuraren tarihi, 1964, masana suka taru a birnin Benis na Italiya suka amince da ƙa'idar cewa gyaran tsohon gini ya tsaya a inda zato ya fara. Daga baya aka shimfiɗa irin wannan ƙa'ida ga zanen kwamfuta: mai kallo yana da haƙƙin ya san wane ɓangare ne aka gani da ido, wane aka ciro da lissafi, wane kuma aka aro daga wani wuri. Zanen Surame na gaskiya zai zo da launi 3, kuma launin aro zai yi yawa a farko. Babu kunya a cikin haka.

Aron da ya fi jan hankali shi ne a ɗauko Kano a ɗora wa Surame. Muna da hotunan ganuwar Kano, mun san yadda aka lanƙwasa bango a bakin wasu ƙofofinta don mai kawo hari ya shiga tsakanin maharba, mun san ranar 3 ga Fabrairu 1903 igwar Turawa ba ta iya fasa bangon ba sai ƙofa aka fasa a Kabuga. Amma Kano ta 1903 ta zo ne bayan mutuwar Kanta da shekara kusan 350, ƙasa ce ba dutse ba, kuma an yi ta gyara ta don zamanin bindiga. Kuskure na biyu shi ne a cika birnin da soraye. Da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851 ya tarar da babban yanki na cikin ganuwa fili ne da gonaki, domin birnin da za a yi wa ƙawanya yana bukatar inda zai yi noma da inda mutanen ƙauye za su fake da dabbobinsu. Kabawa masunta ne kuma manoman fadama. Zai yiwu yawancin Surame ɗakunan ciyawa ne da rumbuna da shinge, soro kuwa sai a gidan sarki da na manya. Tushen ɗakunan da ke ƙasa su ne za su raba gardama, da'ira ne ko kusurwa huɗu, a cunkushe suke ko a warwatse.

Ina nanata wannan ne saboda abin da ake gani yanzu a wayoyi. Da ƙirƙirarriyar basira kowa yana iya fitar da hoton tsohon birnin Hausa cikin ɗan lokaci, kuma abin da ke fitowa galibi ginin Maroko ne ko na finafinan Larabawa, da hasumiyoyi da tutoci. Yaro ya gani ya ɗauka haka gidan kakanninsa yake. Niyyar masu yaɗawa mai kyau ce, suna son a san muna da tarihi. Amma Kanta ba ya bukatar a ara masa hasumiyar kowa. Bangon da ya ba Muhammadu Bello mamaki yana nan a ƙasa, kuma duk hoton da ya fi shi ƙyalli yana rage wa mutane sha'awar zuwa su ga na gaskiyar.

Mu dawo gida. Ƙasar Kontagora ƙasar ganuwa ce ita ma, kuma tata ta fi kusa da mu a zamani. Umaru Nagwamatse ya sami sarautar Sarkin Sudan a 1859, ya kafa Kontagora a 1864, ya rasu a 1876. Ɗansa Modibbo ya gaje shi, sannan Ibrahim daga 1880, wanda a zamaninsa rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Kemball ta ci garin a watan Janairu 1901. Birni ne mai ganuwa da ƙofofi a ranar da suka iso. Waɗannan shekaru 37 shekarun yaƙi ne da kamun bayi, kuma gaskiyar tarihi ita ce akwai wani ginin tsaro a ɗaya gefen. Kambari, Dukawa, Dakarkari, Kamuku da Gwari sun kare kansu da abin da suke da shi: wasu suka hau duwatsu suka jera bangon dutse a mashigai, wasu suka kewaye ƙauyukansu da rami da kafi da kurmin ƙaya. Da zaman lafiya ya samu aka sauko fili, aka bar waɗancan wurare. Duk wanda zai zana Kontagora ta 1900 ya bar waɗannan mafaka, rabin labari ya ba da, domin kowane bango amsa ce ga wani bangon. Jikokin masu hari da jikokin masu gudu yau kasuwa ɗaya suke ci, sun yi auratayya, kuma dukansu suna da haƙƙin ganin abin da kakanninsu suka gina.

Abin da ke cin waɗannan wurare ba ɓoyayye ba ne. Garmar tarakta tana baje tudun ganuwa a damina ɗaya. Masu buga bulo suna ɗibar ƙasarta, masu harsashin gini suna kwasar duwatsun, gari yana faɗaɗa yana haɗiye gwalalo. Rashin tsaro kuma ya sa dazuzzuka da yawa a Mariga da Mashegu da kewaye ba sa shiguwa ga mai bincike, abin da ya ƙara wa hoton tauraron ɗan'adam daraja, tunda ana iya fara bin layin bango daga cikin ofis. Ma'aikatan ba su yi ƙaranci ba. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana koyar da zanen gine-gine da safiyo, Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen nazarin kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana kusa da Surame, ga kuma makarantar horon malamai ta tarayya a cikin Kontagora. Ɗalibi ɗaya zai iya ɗaukar kufai ɗaya ya zama kundinsa, ya je da bazara bayan an ƙone ciyawa, lokacin da tushen gini ke fitowa fili, da izinin hakimi da rakiyar mai unguwa.

Akwai kuma aikin da ba ya jiran na'ura ko kuɗin gwamnati, kuma shi ya fi gaggawa. Dattijon da aka haifa a 1940 zai iya kasancewa ya zauna gaban kakan da ya ga shigar Turawa Kontagora yana saurayi. Irin wannan dattijo ya san inda kowace ƙofa take da sunanta, ya san wace unguwa ce ke gyaran wane yanki na ganuwa bayan damina, ya san dutsen da mutanen ƙauyensu suka hau da rijiyar da suka sha a can. A Surame wannan zare ya tsinke shekara 300 da suka wuce, shi ya sa sai an tambayi duwatsu. A Kaboji da Kontagora da Kotonkoro da Rijau masu amsar suna zaune a zaure, sun haura shekara 80, kuma wayar da ke aljihun jikansu tana ɗaukar murya tana kuma nuna daidai inda mutum yake tsaye.